Reshen da Kajin Tsoho Suka Sani

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki, Kaka? An samu sauƙi?"

Kaka ta dubi jikan nata, wanda ake kira Kafinta, daga sama har ƙasa. Yana durƙushe a bakin tabarma, zarto a hannu ɗaya, jakar ƙusoshi a ɗayan. Kafin mijinta Tsoho ya rasu, Kafinta ba ya shigowa gidan nan da irin wannan ladabi. Tun daga ƙofa yake ɗaga murya yana tambayar ko har yanzu tsohuwar nan tana nan tana cinye wa mutane abinci, ita kuma ta amsa masa daga ɗaki cewa tana nan daram, sai ta ga bayansa. Daga ranar da aka fita da Tsoho ya daina. Yanzu durƙusawa yake yi kamar mai gaida suruka, kuma duk sa'ad da ya yi haka sai ta ji kamar ita ma an fara yi mata bankwana. Ba ta son wannan ladabin ko kaɗan.

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta," in ji ta. "Wa ya sake mutuwa da kake gaishe ni da muryar ta'aziyya?"

"Ba kowa. Tarbiyya na koyo."

"Ka mayar wa mai ita. Ta yi maka yawa a kafaɗa."

"Ke dai ba a iya miki. In na yi ladabi laifi, in ban yi ba laifi."

"Ai zuwanka ne laifin."

Ya yi ɗan murmushi ya ajiye zarton. Abin da ya kawo shi ta sani, shi ma ya san ta sani.

A tsakar gidan akwai bishiyar mangwaro wadda Tsoho ya dasa a shekarar da suka tare. A ƙarƙashinta ya tsufa. Kowace yamma yakan rataye rediyonsa a jikin wata ƙusa da ya kafa a reshen ƙasa, ya zauna ya watsa wa kajinsa tsaba, in rana ta yi ja su hau reshen ɗaya bayan ɗaya su jeru a saman kansa. Bai taɓa yi musu akurki ba, cewa yake yi wanda Allah ya ba fiffike ba a kulle shi. To, gara ta shiga bishiyar ta cinye cikinta. Iskar farko ta damina ta ɓalle wani babban reshe ta maka shi a kan rufin ɗakin Kaka, ya tsaga kwano har ana hango sama daga kan gadonta. Babban ɗanta, uban Kafinta, ya zo ya ce dole a sare ta kafin ruwa ya kankama. Kaka ta ce bishiyar da marayun Tsoho suke kwana a kai ba mai sa mata gatari. Ta faɗi haka ne don ta rufe masa baki, shi kuwa ya kama maganar da hannu biyu. Ya ce ya ji, amma duk ranar da kajin suka kwana a akurki, washegari masu sara za su zo. Ta yarda, don ta san halin kajin. Shi ya sa aka turo mata Kafinta da gudumarsa ya yi musu akurki.

Akurkin yana can jikin katanga, kuma a gaskiya ya yi kyau fiye da kima. An yi masa rufin kwano da tagar raga da ƙofa mai kwaɗo, an shafe shi da shuɗin fenti. Tun da aka gama shi ba kazar da ta kwana a ciki da son ranta.

"Jiya wani mutum ya tsayar da ni a shago," in ji Kafinta yana zazzage ƙusoshi a kan turmi. "Ya ga hoton akurkin nan a wayata, ya ce in ba shi haya shi da iyalinsa."

"Ka ba shi mana. Ko kuwa kai ka shiga, tunda har yau ba ka da ɗakin da 'yar mutane za ta yarda ta leƙa."

"Wace 'yar mutane za ta leƙa kina tsaye a ƙofa? Duk wadda na nema sai a ce mata ai yana da mata a gida, haƙorinta biyu, kuma duk biyun na cizo ne."

"Ni na daɗe da sakin ka. Mijin da kaji suka raina, me zan yi da shi?"

"Ba raina ni suka yi ba, ƙauyanci ne ya yi musu yawa. Ba su taɓa ganin fenti ba."

"Zakaran can da kake gani, kakan kakansa yana cara a gidan nan kana fitsarin kwance a kan zanina. Shi za ka ce wa ɗan ƙauye?"

"Ni ban taɓa fitsarin kwance ba. Rufinku ne yake yoyo tun lokacin."

"Yoyo mai zarni."

Ya yi dariya, amma gajeriya, irin wadda ake yi a gidan da ba a daɗe da ɗauke tabarmar makoki ba. Kaka ta lura. Komai nasa yanzu rabi-rabi ne, zolayar ma sai ya ɗauko ta ya ajiye a hanya.

Ya riga ya gwada dabaru iri-iri. Ya bi kajin da buhu yana kora, suka haye katanga suka bar shi yana haki. Ya kunna musu fitila a ciki. Wata rana ya jira suka hau, ya sa tsani ya kamo su ya zuba a akurkin ya kulle, da safe ya zo ya tarar da ƙofar a buɗe, kwaɗon yana rataye lafiya ƙalau. Kaka ta ce iska ce. Ya ce bai taɓa ganin iskar da ta san inda ake ajiye makulli ba. Ta ce iskar bana ta yi boko.

Dabarar yau ita ce yunwa. Ya roƙe ta tun jiya kada a ba su komai, sai yamma ya zuba tsaba a cikin akurkin kaɗai, duk mai son ci ya shiga.

"Ba ki dai ba su komai ba ko?"

"Ni? Ko kallo ban ba su ba."

"To me ya sa suke tafiya kamar waɗanda suka dawo daga ɗaurin aure?"

"Ƙoshin zuci ne. Kajin mutumin kirki ba sa nuna yunwa a gaban baƙo."

"Ni ne baƙon?"

"Kai ne ma ɗan aiken masu sara."

Ya ɗebi masara a kwano ya shiga akurkin ya zuba, ya fito yana kaɗa kwanon. Ko kaza ɗaya ba ta waiwaye shi ba. Duk sun kewaye tabarmar Kaka suna karkata kai, suna kallon gefen zaninta da ido ɗaya. Ta kore su da mafici, suka matsa kaɗan suka dawo.

"Kaka, kajin nan kallon me suke yi miki?"

"Kyau. Kai da ba ka da shi ba za ka gane ba."

Tana rufe baki zakaran ya miƙa wuya ya cafki ƙullin da ke bakin zaninta ya fizga. Ƙullin ya warware. Masara ta zube a kan tabarma, ta gangara har gaban takalmin Kafinta, kajin suka rufe ta da gudu.

Kaka ta jira. Ga dama ta samu wadda Kafintan da ta sani ba zai bari ta wuce ba. Da a da ne, yau da ta ji sunaye iri-iri, da har maƙwabta sun ji cewa an kama ɓarauniyar masara da kaya a ƙugu. Ta ma shirya amsar da za ta mayar. Amma zolayar ba ta zo ba. Ya tsaya yana kallon kajin suna tsince tsabar, fuskarsa ta canja, sai ta ga kamannin Tsoho a goshinsa, irin na ranar da abu ya dame shi ya ƙi faɗa.

Ya buɗe jakarsa ya ɗauko doguwar ƙusa, irin ta haɗa katakon rufi. Ya je jikin bishiyar ya ɗora bakinta a kan ɓawo ya danna da babban yatsa kawai, ba guduma. Ƙusar ta shige har kai. Da ya zare ta sai gari ya biyo, ja-ja, ya zubo a kan saiwa.

"Kin gani?"

"Na ga kana huda bishiyar mutane."

"Kaka, wannan ba itace ba ne yanzu. Ɓawo ne yake tsaye." Ya share ƙusar a jikin wandonsa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da Tsoho ya rasu, da aka tashi neman katakon da za a rufe kabarinsa, ba wanda aka kira sai ni, tunda ni ne kafintan gida. Ni na auna, ni na yanka. Ba na son in sake yin wannan awon a gidan nan saboda kaji da itace."

Kaka ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanin da ba abin da ya rage a cikinsa. Ta san wani abu da bai san ta sani ba. Duk ranar da aka kwana ana iska, da safe takan ga sawun babur ɗinsa a ƙofar gida, ya zo ya tsaya ya juya. Bai taɓa ƙwanƙwasawa ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ta ɗauka in ba a faɗi abu ba, ba sai an yi komai a kai ba.

"Zo ka zauna," in ji ta. "Tsayuwarka tana tare mini iska."

Ya zauna a gefen tabarma.

"Ka ɗauka ban san bishiyar ta mutu ba? Ni nake share garin itacen nan kullum kafin ubanka ya zo ya gani." Ta ɗaga kai ta dubi reshen ƙasa. "Da safe ina iyawa. Da rana ma ina iyawa, akwai wanke-wanke, akwai masu shigowa. Yamma ce ba na iyawa. To in na watsa musu tsaba a nan, suka ci, suka fara hawa, zakaran ya riga, kajin suna faɗa a kan wuri, wannan ta ture wannan, sai gidan ya koma yadda yake. Har juyawa nake yi in ce masa ka ga jar nan ta sake ture 'yar'uwarta. Kafin in tuna babu shi, na samu ɗan abin da na samu. Shi ke nan abin da nake da shi a yini. In kuka sare, a ina zan zauna?"

Kafinta ya ɗauki ƙwayar masara ɗaya da kajin suka bari yana juya ta a tafin hannu.

"Ban sani ba, Kaka," ya ce. "Wallahi ban sani ba. In kin ce in je in gaya wa Baba kajin sun gagare ni, zan gaya masa. Sai in kwaso kayana in dawo ɗakin nan, in ta faɗo ta faɗo mana tare."

"Allah ya kiyaye. In mutu da munsharinka a kunnena?"

"Ni ba na munshari."

"Tun kana goye kake yi. Bayana har yau yana ciwo."

Ba wanda ya yi dariya. Iska ta ɗan motsa, bishiyar ta yi wani ƙara daga ciki, irin na tsohuwar ƙofa. Kaka ta ga yadda kafaɗar yaron ta ɗaga ba da saninsa ba, idonsa ya tafi kan rufin ɗakinta inda ya yi faci da sabon kwano. Tausayinsa ya kama ta, ya kuma haɗu da kunya. Tana ta riƙon wanda ya tafi, ta bar wanda yake nan yana kwana da fargaba.

Ta miƙa masa hannu. "Ɗaga ni. Bari in ga wannan fadar da ake ta yi mini gori da ita."

Tun da aka kafa akurkin ba ta taɓa leƙa cikinsa da rana ba. Ta dogara sandarta ta isa, ta sunkuya ta sa kai. Ƙamshin fenti ya buge ta. A tsakiya an gitta sandar da kaji za su hau, miƙaƙƙiya, an goge ta da samfefa an shafe ta da man ƙyalli har tana ɗaukar ido. Kaka ta shafa ta da yatsa, yatsan ya zame.

"Wannan mene ne?"

"Wurin kwanansu. Katako mai kyau ne, ragowar gadon wata amarya. Sai da na yini ina goge shi."

"Ka yini."

"Ki taɓa ki ji, ko tsini ɗaya babu."

"Na ji. Ƙuda ma in ya sauka a nan sai an kai shi wajen mai ɗori." Ta fito da kanta ta dube shi. "Kai da wa aka ce maka kaza da takalmi take kwana? Da farce take riƙewa. In barci ya ɗauke ta, ƙafar ce take kama itace ta kulle. Ranar da ka zuba su a nan, ina jin su suna zamewa suna faɗowa tim, tim, kamar ana sauke buhuna. Shi ya sa iskar ta ji tausayinsu."

"Au, iskar ce ta gaya miki?"

"Muna gaisawa."

Kafinta ya shafa sandar shi ma, ya sosa ƙeya. Duk rayuwarsa abin da aka koya masa shi ne katakon da bai yi santsi ba aikin banza ne. Maigidansa yakan bi aiki da bayan hannu, in ya ji kaushi ya ce a sake. Bai taɓa yi wa mai farce aiki ba.

"To sai in samo ɗanyen itace gobe," ya ce.

"Ba za su hau ba."

"Don me?"

Kaka ta koma gindin bishiyar ta tsaya a ƙarƙashin reshen ƙasa. Shi kaɗai ne gara ba ta kai gare shi ba. Samansa ya yi baƙi saboda ƙafafun kaji, duk ɓawon ya sha farce, ga ƙusar rediyo ta yi tsatsa, itacen ya girma ya haɗiye rabinta. Ta san abin da za ta faɗa, ta kuma san in ta faɗa ta gama da bishiyar da bakinta.

"Kajin nan ba ruwansu da bishiya," ta ce. "Ba su taɓa hawa can sama ba. Wannan reshen suka sani. Kowacce da wurinta a kai, zakaran yana daidai kan ƙusa. Ɗauko zartonka."

"Kaka."

"Ɗauko kafin su fara hawa. Rana tana tafiya."

"Ƙusar Tsoho tana jiki."

"Da ita za ka yanko. In ka cire ta, sai na cire maka kunne."

Ya sa tsani ya hau. Ya ɗora zarton ya tsaya yana kallonta, ko za ta ce a'a.

"Me kake jira? Ko sai an kira kafinta?"

Ya fara yanka. Kaka ba ta kawar da kai ba. Garin itace yana zubowa a kan wurin da kujerar Tsoho take zama, ƙamshin ɗanyen mangwaro ya cika tsakar gida. Kowane jan zarto tana jin sa a ƙirjinta, amma ta tsaya. Da reshen ya kusa rabuwa ya tallafe shi da kafaɗa ya sauko da shi a hankali, bai bari ya taɓa ƙasa ba. Wurin da aka yanke ya fito fari tas a jikin baƙar bishiya.

Ya ɓalle sandarsa mai ƙyalli ya jingine ta a katanga. Ya auna reshen, ya rage bakinsa, ya shigar da shi ya kafa da ƙusa a gefe da gefe, can sama kusa da rufi kamar yadda ta nuna. Reshen a karkace yake, ya ɓata tsarin akurkin gaba ɗaya. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa ya fito da samfefa.

Ta buge hannun da mafici.

"Gefen nan kawai zan ɗan taɓa."

"Ka taɓa in taɓa ka."

"Mutane za su ce ni na yi wannan karkataccen aiki."

"Ka ce musu kakanka ne. Shi bai taɓa yin abu a miƙe ba, har ni da ya auro."

Rana ta yi ja. Kajin suka taru a gindin bishiya kamar kullum. Zakaran ya ɗaga kai, ya durƙusa zai tashi, ya fasa. Ya zagaya ya sake dubawa. Kajin suna ta ƙananan kuka suna kallon wurin da babu komai. Kaka ta ji kamar ta rufe ido, don ta san wannan kallon, ita ma shi take yi wa gefen gadonta.

Ta sa Kafinta ya sake ɗebo masara a kwano, ta karɓa. Ta je bakin akurkin ta ƙwanƙwasa gefen kwanon da zobenta, yadda Tsoho yake yi. Ta watsa kaɗan a ƙofa, ta watsa sauran ciki, ta ja da baya.

Sun daɗe ba su zo ba. Wata ja ta fara matsowa, ta tsinci ta bakin ƙofa ta gudu. Sai zakaran ya taho da tafiyarsa ta isa, ya shiga yana tsinta. Ya ɗaga kai. Ya karkata shi hagu, ya karkata dama. Ya buga fiffike sau ɗaya ya haye, ya taka a hankali ya bi reshen har daidai kan ƙusa, ya gyara tsayuwa ya zauna. Daga nan sauran suka bi, suna ture juna, suna faɗa a kan wuri.

"Ka ga jar nan ta sake," in ji Kaka, ta juya gefenta. Kafinta ne a wurin. Wannan karon ba ta haɗiye sauran maganar ba. "Ta sake ƙwace wurin 'yar'uwarta. Kullum haka take."

"Na gani," ya ce.

Saura ɗaya. Baƙar kazar, tsohuwar da ta daina ƙwai tun bara, ta tsaya a gindin bishiya ta ƙi kallon akurkin. Ta yi tsalle ta kama kututture, ta yi ta fafutuka har ta kai wani busasshen reshe, wanda ke saitin ɗakin Kaka, ta lafe a kai.

Kafinta ya dubi kazar, ya dubi Kaka.

"Kada ka faɗa," in ji ta.

"Ban ce komai ba."

"Na ji ka."

"Cewa kawai zan yi tsohuwa ce, baƙa ce, ba ta ƙwai, ba ta jin magana, kuma ta zaɓi reshen da zai kashe ta. Ban kama suna ba."

"Hau ka sauko da ita, marar kunya. A hankali, ta girmi uwarka."

Ya hau ya kamo ta tana ta ihu, ya miƙa wa Kaka. Ta rungume ta a ƙirji. Jikin kazar da ɗumi, zuciyarta tana bugawa da sauri a tafin hannun Kaka. Ta shafa bayanta har ta yi shiru.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," ta ce mata ƙasa-ƙasa. "Ni ma ban so ba."

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗora ta a ƙarshen reshen. Kazar ta yi tangaɗi, farcenta ya sami tsohon wurinsa ya kama. Kaka ta ja ƙofar da hannunta, ta danna kwaɗon, ta miƙa wa Kafinta makullin.

"Riƙe a wurinka, saboda iska. Ka gaya wa ubanka ya turo mutanensa. Amma kututturen nawa ne. In akwai inda gara ta bari, ka fitar mini da kujera, ka ajiye ta nan kusa da su. Kuma kada ka goge."

"Za ta ci miki zani."

"Zaninka ne?"

Ta shiga ɗaki. Ya ji tana buɗe kwanuka, ta fito da abu a naɗe cikin tsumma. Mangwaro ne guda, ya nuna sosai, gefensa ya fara laushi. Bana bishiyar 'yan kaɗan ta yi, wannan ne na ƙarshe da ya faɗo, ta ɓoye shi ta kasa sha ta kasa bayarwa.

"Ungo ladan aikinka. Ya fi ƙarfin aikin ma. Ka sha a nan, ƙwallon nawa ne."

"Me za ki yi da ƙwallo?"

"Dasawa zan yi. Can nesa da ɗaki, kada ubanka ya samu abin faɗa."

Kafinta ya tsaya da mangwaron a hannu. Ya dube ta, 'yar tsohuwa a dogare da sanda, garin itace a kan ɗankwalinta. Ta ga tsohuwar zolayar tana tahowa, ta ga yana tsoron sakinta, ta tsare shi da ido ba ta taimake shi ba.

"Mangwaro za ki dasa, a shekarunki," ya ce. Ya ja numfashi, sai muryar da ta sani ta fito, da ƙarfi, har zakaran ya motsa a ciki. "Wai ke tsohuwar nan ba za ki mutu ba ne mutane su huta?"

Dariya ta ƙwace wa Kaka. Ta yi ta yi har ta riƙe ƙofar akurki, har hawaye ya zubo, ta bar shi ya zuba ba ta share ba.

"Ina nan daram," ta ce. "Sai na zauna a inuwarsa na aike ka ka tsinko mini. Ka kayar da ni yau, ɗan banza. Sha ka ba ni ƙwallona."

Ya zauna a bakin tabarma ya huda mangwaron da haƙori, ita kuma ta tsaya a kansa da tafin hannu a buɗe tana jira.